Sugan Dattijo Kumai

Kowa a kwatas na reluwe a Kafanchan ya san Dattijo Kumai mutumin kirki ne, don shi da bakinsa yake faɗa. Akawu ne a ofishin kaya na tasha, dattijo ne a ikilisiya, kuma ranar Lahadi idan aka ba shi addu'a sai ya roƙa wa marasa lafiya sauƙi tun daga Zonkwa har ƙasashen da bai iya kiran sunansu daidai ba. Ba ya tsallake kowa, sai dai matarsa Afiniki, wadda ke zaune a bencin mata tana lasar busasshen leɓe tana jiran ya ce amin ta fita neman ruwa.

Da ƙishirwa abin ya fara mata, cikin daminar 1976, lokacin da ko akuya ba ta waiwayar ruwa. Ta sha moɗa ta ƙara, kafin ta kai bakin murhu maƙogwaro ya sake bushewa. Abin da ta sha kuwa ba ya zama, tana hanyar makewayi ke nan dare da rana. Tana cin abinci kamar mai aikin hanya, amma zane yana ta yi mata yawa, har ta fara naɗa shi sau biyu. Da ta gaya wa maigidan, sai ya yi mata bayani irin na masu ilimi, ya ce gishiri ne take cika wa miya. Ramar kuma ya ce ta gode wa Allah, matan birni kuɗi suke kashewa su sami irin wannan jikin.

Gidan ba ƙarami ba ne. Ban da 'ya'yansu akwai 'ya'yan 'yan'uwansa da ke makaranta a gari, kuma da yake gidan yana kusa da tasha, duk dangin da zai hau jirgin Jos ko na Kaduna ko na Inugu a nan yake kwana, a nan yake wanka, a nan yake tuna cewa ya daɗe bai ci kaza ba. Ga gonar citta a bayan gari, wadda Kumai yake kira gonata, Afiniki kuma take nomawa.

Sista Catherine ce ta fara lura. Nas ce a asibitin gari, kuma tare suke zumuntar mata da Afiniki. Wata Lahadi bayan sujada ta ja ta ƙarƙashin mangwaro, ta yi mata tambayoyi a hankali, har ta tambaye ta ko kiyashi yana taruwa a inda ta yi fitsari. Afiniki ta sunkuyar da kai ta ce yana taruwa, har takan zuba toka a wurin don kada yara su gani. Catherine ta ce tana zaton ciwon suga ne, amma zato ba ya wadatarwa, sai an gwada jini. Ta ce Afiniki ta zo asibiti da safe ba ta ci komai ba, a ɗebi jini kaɗan a hannu, a ba ta ruwa mai zaƙi ta sha, ta jira, a sake ɗiba. Kafin rana ta take an gama. Idan an gano shi da wuri akwai magani, mutum ya rayu da shi har tsufa.

“Safiya ɗaya ce kawai, Maman Roseline,” in ji Catherine. “Kada ki bari ta wuce wannan mako.”

A yi wa Dattijo Kumai adalci: bai taɓa cewa a'a ba. Har yau idan ka tambaye shi zai dafa Littafi Mai Tsarki ya ce bai hana ta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya ce shi ne ba wannan makon ba, don kawunsa yana hanya. Mako na gaba Rabaran zai ci abinci a gidan. Na bayansa ciyawa ta rufe citta. Da ciyawa ta ƙare sai ya fara tausayinta, ya ce mace ta rame haka kuma a zuƙe ɗan jinin da ya rage mata, shi zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Wata rana kuma ya rage murya ya tambaye ta ko ta yi tunanin abin da mutane za su ɗauka idan suka ji ana gwada jinin matar dattijon ikilisiya. Ai an san irin cututtukan da ake nema a jini. Shi ba don kansa yake magana ba, sunanta yake karewa.

Sau ɗaya ta yi ta maza. Ta tashi da wuri ta dama kunu, ta jera wa kowa nasa, ba ta ko ɗanɗana ba, ta yafa gyale ta tafi asibiti. Tana cikin layi, saura mutum kaɗan a gabanta, sai ga Roseline, babbar 'yarta, tana haki. Ta ce yayan Baba ya sauka daga Gwantu da surukansa, Baba ya ce ta zo yanzu, baƙi suna zaune babu ko ruwan wanke hannu. Afiniki ta dubi ƙofar ɗakin gwaji, ta dubi 'yar, ta fita daga layi. A gidan akwai 'yan mata da samari masu hannu biyu biyu, amma an san baƙon kirki ba ya cin girkin yara.

Daga ranar Kumai ya sami amsar da ta fi kowace. Duk wanda ya yi masa maganar ramar matarsa sai ya ce ai ta je asibiti, da ƙafarta ta je, da ƙafarta ta dawo.

Ana cikin haka, bayan Kirsimeti, aka ce duk ma'aikacin da ke jiran ƙarin girma sai likita ya duba shi. Safiyar Kumai ba ta yi wuyar samuwa ba. Aka ba shi hutu a ofis, aka hana yara motsi tun da dare don Baba zai ba da jini, Afiniki ta goge masa farar riga, shi kuma ya fita ba karin kumallo da fuskar wanda za a kai yaƙi. Likita ya duba sakamako ya ce masa ba shi da ciwon suga, amma sugan jininsa ya ɗan haura, yana bakin ƙofa. Ya rage zaƙi, ya rage tumbi, ya riƙa tafiya a ƙasa, da yardar Allah ba zai shiga ba.

Kumai ya dawo gida a tasi, daga asibitin da ake hango rufinsa daga kwatas. Ya tara iyali a falo, ya ce a rufe ƙofa, ya sanar da su cewa Ubangiji ya ga dama ya gwada bawansa. Ya yi addu'a doguwa, ya yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata masa rai, ya ambaci wasu da suna. Yara suka yi kuka. Afiniki ma ta share hawaye, sannan ta nemi izini ta fita ta sha ruwa.

Daga nan gidan ya koma asibiti mai gado ɗaya. Tukunyar Baba daban: tuwon acca da miyar shuwaka da gauta. Wanda ya taɓa gyara acca ya san aikin, a surfa, a bushe, a wanke, a rairaye, a sake rairayewa har tsakuwa ta ƙare, kuma duk wannan ya hau kan aikin da Afiniki take yi da ma. Maganar tumbi da tafiya a ƙasa kuwa ba ta iso gida ba, a hanya ta faɗi daga tasi. Abin da ya iso shi ne likita ya ce ya huta. Saboda haka zuwa gona ranar Asabar, wanda da ma tsayawa yake yi a inuwa yana nuni da sanda, shi ma ya daina.

Masu gaisuwa suka yi ta zuwa: 'yan ofis, dattawa, mawaƙan coci. Da yawa ba su san abin da ake kai wa mai suga ba, sai suka kawo abin da aka saba, lemun kwalba da burodi da rake da ayaba. Kumai ba ya son ɓarna, kuma ba marowaci ba ne. Sai ya tura kwalaben gaban matarsa.

“Ki sha, Maman Roseline. Ba ke ce kullum ƙishirwa ba? Ni an hana ni.”

Ta sha. Yana da sanyi, yana da daɗi, kuma tun da aka ɗaura musu aure ba ta tuna ranar da ya miƙa mata wani abu da hannunsa ba.

Da Sista Catherine ta ga watanni sun wuce, ta zo gidan da kanta. Kumai ya yi murna, ya ɗauka shi ta zo dubawa, har ya fara naɗe hannun riga. Ta ce masa ba don shi ta zo ba. Ta ce nasa gargaɗi ne kawai, amma matarsa tana cikin ciwon tsundum, ko makaho ya taɓa hannunta zai sani. Ta roƙe shi ya bar ta ta zo gobe.

Kumai ya gyara zama ya yi murmushin da yake yi wa sababbin tuba. “Sista, ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san aiki da hujja ake yi. Ni likita ya gwada ni ya tabbatar. Ita wa ya gwada ta?”

“Ai gwajin nake roƙo, Baba.”

“To, idan na ɗan ji ƙarfi. Yanzu idan ta tafi wa zai dafa mini acca? Kin san ba na cin abincin kowa.”

Catherine ta juya wajen Afiniki, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, ta ce ta yi magana mana. Afiniki ta ce a bari Baban Roseline ya warke tukuna. Haka aka koya mata tun tana yarinya, haka ake karanta musu a zumunta, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata ranar da ake warkewa daga ciwon da ba a kamu da shi ba.

Ƙafa ce ta biyo baya. Wajen share gonar citta don sabon shuki, wani kututture ya huda mata tafin ƙafa, ba ta ma ji ba, sai da ta ga jini a silifa. Ta wanke da ruwan gishiri ta ɗaure da tsumma. Ciwon da ya kamata ya kame cikin mako ya ƙi kamewa, ya buɗe baki, ya fara ruwa, yatsu suka fara baƙi. Kumai ya lura da abin, don hancinsa lafiya lau yake. Ya ce idan baƙi suna falo ta riƙa ba yara abinci su shigo da shi, kuma ta koma kwana a ɗakin 'yan mata, saboda mai suga ba a son ya shaƙi wari.

Idanu ma suka fara hazo. Tana rairayar acca da lalube, tsakuwa tana wucewa. Ranar da Kumai ya tauna ɗaya, ya ajiye cokali ya kira ta, ya tambaye ta a gaban yara ko ta gaji da jinyarsa ne, ta faɗa masa gaskiya. Ya ce ya san jinya da wuya, amma alkawari ta yi a gaban bagade, cikin lafiya da cikin ciwo. Afiniki ta ba shi haƙuri, ta ɗauke kwanon, ta ja ƙafa ta koma ta sake wani.

A bakin famfon kwatas ta faɗi, da rana tsaka, bokiti a hannu. Matan layi suka yi ta yayyafa mata ruwa ba ta motsa ba, numfashinta yana fita da ƙarfi. Wani mai amalanke da ke dakon kaya a tasha ya sauke buhunan da ya ɗauko, aka shimfiɗa ta a kai aka tura ta asibiti. A ranar aka ɗebi jinin. Ba a nemi izinin kowa ba, ba a tambaya ko akwai baƙi a gida ba, kuma duk abin bai ɗauki lokacin da ake ɗauka ana tafasa ruwan shayi ba.

Likita ya ce bai san yadda ta kai haka tana tsaye ba. Suka yi kwanaki suna fama kafin ta farfaɗo, kuma don a ceci sauran ƙafar sai da aka yanke rabinta na gaba. Da Kumai ya zo, cikin farar rigarsa, likita ya tambaye shi me ya sa ba a kawo ta tuntuni ba. Kumai ya girgiza kai cikin baƙin ciki ya ce likita bai san matan ƙauye ba ne, taurin kai gare su, har asibitin nan ta taɓa zuwa ta gudu daga layi. Sannan, tun da ga likita ga shi, ya tambaya ko mai irin nasa ciwon zai iya cin gwaza.

Aka ce Afiniki za ta rayu, amma sai da allura kowace safiya har ƙarshen ranta, da wankin ƙafa, da abinci a kan lokaci. Kumai ya ce wannan magana ce babba, safiya kuwa ita ce lokacin da aka fi bukatarta a gida, amma za a duba a ga yadda za a yi. Dogara, ƙanen Afiniki, kafinta ne a Kagoro, yana tsaye a wurin yana ji. Bai yi gardama da surukinsa ba. Ranar da aka sallame ta ya zo da mota, ya ɗauki yayarsa ya kai ta gidansa, inda ɗakin shan magani na mishan yake tsallaken hanya.

Labarin da ya zaga Kafanchan shi ne matar Dattijo Kumai ta gudu ta bar shi cikin ciwo. Shi bai zarge ta ba, addu'a kawai yake sa a yi mata a coci, Allah ya taɓa zuciyarta. Roseline ta bar makaranta ta karɓi tukunyar acca, na ɗan lokaci, in ji shi. Da abin ya daɗe, dattawa suka ga bai dace gidan ɗaya daga cikinsu ya zauna haka ba, suka tura matan zumunta su je su yi mata nasiha.

Suka zo Kagoro wata Alhamis, sanye da anko, Mama Hellen shugabar zumunta a gaba. Suka sami Afiniki a inuwar gida tana fuskantar dutse, ƙafa a naɗe a kan kujera 'yar tsugunne, ta ɗan yi kumari. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, Mama Hellen ta buɗe Littafi ta karanta inda aka ce mata su yi biyayya ga mazansu. Ta ce ba wanda ya ce Afiniki ba ta sha wuya ba, amma ita ga shi ta samu sauƙi, shi kuwa bawan Allah yana can yana ramewa, har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Mace ta gari ba ta barin miji a kan gadon ciwo.

Afiniki ta saurara har ƙarshe. Ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Mama, ku gaishe shi. Ku ce masa na ji yana ramewa, na yi masa murna, abin da likita ya ce ya yi ke nan tun farko. Roseline kuma a mayar da ita makaranta. Tukunya tana nan inda na bar ta, ba ta cizon namiji.”

Mama Hellen ta rufe Littafi ta ce za su ci gaba da yi mata addu'a. Afiniki ta ce ta gode, tana bukata.

Idanunta ba sa gani sosai, amma kunnenta yana nan. Tun da suka zauna take jin ƙarar murfin randa, ana buɗewa ana rufewa, kuma mutum ɗaya ce ke tashi. Da suka miƙe za su tafi, ta kira ta. Emilia ce, matar wani direban jirgi, mai 'ya'ya shida, wadda ta fi kowa murya a waƙa. Afiniki ta kama hannunta ta shafa, ta ji ƙashi. Ta tambaye ta a hankali tun yaushe take shan ruwa haka, da ko tana yawan fita, da maganar kiyashi. Emilia ta yi 'yar dariya ta ce zafi ne kawai, amma ba ta janye hannun ba.

“Ki kwana a nan,” in ji Afiniki. “Gobe da safe kada ki ci komai, Dogara ya kai ki a gwada jininki. Kada ki koma gida neman izini. Dubi ƙafata.”

Emilia ta dubi ƙafar. Ta daɗe tana dubanta. A bakin hanya direban bas ɗin da suka zo a ciki yana ta danna oda, Mama Hellen tana kiran sunanta tana cewa rana tana yi.

“Zan zo, Yaya,” in ji Emilia. “Amma ba gobe ba. Gobe Baban yara zai dawo daga Inugu, kuma ba ya son ya tarar ba na nan.”

Ta zare hannunta a hankali, ta gyara ɗankwalin anko. Kafin ta fita ta tsaya a randa ta cika moɗa ta shanye a tsaye, sannan ta ruga ta shiga mota.